Haki a wata na takwas: yaya zan yi da numfashi ranar naƙuda?

Mai Cikin Fari: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah kar a yi min dariya. Cikina ya shiga wata na takwas, kuma na fari ne. Kwana biyun nan ko shara na yi sai na zauna ina haki kamar wadda aka koro. Benenmu matakala goma sha biyu ne, a ta bakwai nake tsayawa in dafa bango. To idan tun yanzu haka numfashina yake min, ranar naƙuda fa? Ranar awo na ji wata nas tana cewa mu koyi numfashi, amma mun cika benci maƙil, ga kukan yara, ban ji yadda ake yi ba. Na tambayi Mamata, ta ce su ba wanda ya koya musu, Allah ne ke sauke mace. Da gaske akwai dabara, ko zancen Turawa ne kawai?

Uwar Tagwaye: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ke da kike kai wa ta bakwai ai jaruma ce. Ni a cikin tagwaye ko ɗaurin ɗankwali sai na huta. Allah ya raba lafiya.

Maman Abba: Amin. Ki yawaita addu'a da cin dabino, ki rage tunani. Bari Sista ta zo, wannan fagenta ne.

Sista Mai Ritaya: Ga ni. 'Yata, tambayoyi biyu kika haɗa a ɗaya, bari in raba miki su.

Hakin da kike yi yanzu, yawancin masu ciki suna yinsa. Mahaifa ta girma ta tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama, yakan hau har kamar santimita 4. Ga shi jinin jikinki ya ƙaru da kusan rabin yadda yake a da, zuciya na aikin mutum biyu. Sannan sinadarin da ke riƙe ciki yana sa ki jin kamar iska ba ta isarki ko da tana isa. Mai cikin fari takan samu sarari wajen sati na 36, idan kan yaro ya sauka ƙugu. Sai dai a lokacin fitsari zai karɓi aiki.

Amma ban yarda in ce miki lafiya lau daga nan ba. PCV ɗinki, wato awon yawan jini, nawa ne a awon ƙarshe? Kina shan jan maganin ƙarin jini da ɗan rawayan nan? An ba ki Fansidar, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro? A ƙasar nan ƙarancin jini na yawan sa mai ciki haki, kuma zazzaɓin cizon sauro na cikin abubuwan da ke cinye jinin. Idan PCV ya yi ƙasa da 33, akwai ƙarancin jini. Duba katinki ki faɗa min.

Mai Cikin Fari: Sista gaskiya jan maganin yana tayar min da zuciya, na fi wata ban sha ba. PCV kuwa tun ina wata biyar aka auna.

Sista Mai Ritaya: To kin ji. Ki je a sake aunawa cikin satin nan, kar ki jira ranar awonki. Maganin kuma ki riƙa sha bayan cin abincin dare, kar ki kora da shayi, shayi na hana shi shiga jiki. Lemon zaƙi ya fi.

Yanzu batun naƙuda. Ki sani dai babu numfashin da zai ɗauke miki ciwo, wanda duk ya ce miki haka ya yaudare ki. Aikinsa shi ne ya hana ki firgita, ya hana ki ƙarar da ƙarfinki tun kafin a zo wajen da ake buƙatarsa. Mace idan ciwo ya taso sai ta cije haƙora, ta ɗage kafaɗu, ta dunƙule hannu, ta riƙe numfashi. Duk jiki ya ɗaure tamau, ciwon ya ƙaru, tsoro ya ƙaru, ta sake ɗaurewa. Awa huɗu a haka ta yi laƙwas.

Ga yadda nake koya wa nawa. Da kin ji mara ta fara ɗaurewa, ki sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi guda ɗaya, ki saki kafaɗu. Sai ki ja iska ta hanci a hankali kina ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ki fitar ta baki kamar kina hura koko mai zafi a ludayi, kina ƙirga har shida. Fitarwar ce mai muhimmanci, ta fi shaƙar tsawo. Ki bar muƙamuƙinki a sake, leɓe a buɗe kaɗan. Na lura da daɗewa, wadda ta saki baki takan saki ƙasa.

Kowane tashin ciwo idan naƙuda ta kankama minti ɗaya ne ko ɗaya da rabi. A irin wannan numfashin, shida zuwa tara kacal za ki yi ya lafa. Ki daina tunanin awa nawa suka rage, ki ƙirga waɗannan kawai. Da ya lafa ki kurɓi ruwa, ki je fitsari, ki taka in kina iyawa.

Maman Abba: Ni ƙirga ba ta zauna min a kai ba ranar. Abin da na yi, in na ja iska sai in fitar da ita da "La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin", a hankali, har ƙarshe. Tsawonta daidai da fitar numfashi ɗaya. Ga addu'a ga numfashi.

Sista Mai Ritaya: Madalla da wannan. Duk abin da zai tsawaita fitar iska ya yi. Na ga masu Hasbunallahu, na ga masu salati. Illa dai kar a riƙa jero shi da sauri-sauri kamar ana biya hadda gaban malam mai bulala, nan ne ake samun matsala.

Uwar Tagwaye: Wallahi Sista kamar kina wurin. Bari in ba ku labarina a haihuwar fari. Muna gida, ciwo ya yi ciwo, na dinga "wayyo-wayyo" ina jan numfashi sama-sama kamar kazar da aka bi da gudu. Can sai na ji leɓɓana kamar kiyashi na yawo a kai, ɗaki ya fara juyawa, yatsuna suka ƙandare suka tattaru wuri ɗaya, na kasa buɗe su. Surukata ta ɗaga hannuna ta duba ta ce shi ke nan, mutanen ɓoye ne. Nan da nan aka kawo garwashi da hayaƙi, ga ni ina neman iska ana ƙara min hayaƙi. Da aka kai ni asibiti wata dattijuwar nas ta kama fuskata da hannu biyu, ta ce ke kalle ni, yi yadda nake yi. Ta dinga hura iska a hankali ina bin ta. Ko minti biyar ba a yi ba yatsun suka saki. Har yau surukata cewa take hayaƙin ne ya yi aiki a makare.

Yar Katsina: Hhhh a makare! Allah ya bar mana surukai.

Sista Mai Ritaya: Wannan na gan shi ba adadi. Ba ƙarancin iska ba ne, yawanta ne. Idan mutum na haki da sauri yana zubar da iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, shi ke kawo jiri da ƙandarewar yatsu. Maganinsa rage gudu. Wadda ke tare da mai naƙuda ta tsaya gabanta, ido cikin ido, ta yi numfashin a hankali tana gani. Faɗa da tsawa ƙara shi suke yi.

Malamar Firamare: Game da tambayarki ko zancen Turawa ne: wanda ya fi yaɗa koyar da shi a aji wani likita ne ɗan Faransa, Fernand Lamaze, shi ma a Tarayyar Sobiyet ya gano lokacin da ya je a 1951. Kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa numfashi da sassauta jiki cikin abubuwan da ta ce a taimaka wa mai naƙuda da su in tana so. A cikin shawarwarin har da barin ta da wanda ta zaɓa ya zauna da ita, da barin ta ta sha ruwa ta ci abu in ba ta da matsala, da barin ta ta zaga. To mu fa a inda na haihu, ko Mamata ba a bari ta leƙo ba. Mu biyar a ɗaki, nas ɗaya.

Hajiya Inna: Ni dai ina karanta ku ina mamaki. Goma sha ɗaya na haifa, tara a ɗakina a kan gwiwa, ba wanda ya ji tarina. A haihuwar fari ma har na yanke cibi kishiyar uwata ba ta san ina yi ba. 'Ya'yan yanzu ciwo kaɗan sai ihu har bakin titi. Mace da kunya da dauriya aka san ta. Ki sa gefen zane a baki ki cije, ki kira sunan Allah a zuci, shi ke nan.

Yar Katsina: Hajiya Allah ya ƙara girma, amma a nan kam ban bi ki ba. Ki zo asibitin Babbar Ruga nan Katsina ki ga yaran da ke jiran aikin yoyon fitsari. Da yawansu kunyar nan ce ta sa suka kwana biyu suna naƙuda a ɗaki ba su faɗa wa kowa ba. Ke Allah ya ba ki ƙugu da sa'a, ba kowa ba.

Hajiya Inna: Ban ce a ɓoye ba 'yata. Ihu na ce.

Sista Mai Ritaya: Hajiya, rabin maganarki na karɓa. Ihun maƙogwaro, mai tsinin nan, ɓarnar ƙarfi ne, mace ta dushe murya yaro bai motsa ba. Amma cije zane da riƙe numfashi shi ma ba alheri ba ne, don iskar da uwa ta shaƙa ita ce ta ɗan. Gurnani na ƙasa-ƙasa daga ciki, wannan ina so, yana taimakawa. Gwiwar da kika ce kuwa, ku kuka fi mu gaskiya. Durƙuso ko tsuguno ko kwanciya ta gefe sun fi rigingine. Mai tsohon ciki in ta kwanta rigingine mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri da toshewar numfashi. Ko a gida ki riƙa kwanciya ta gefe, hagu ya fi, da filo tsakanin gwiwoyi.

Saura wuri biyu masu wuya, ki riƙe su da kyau.

Na farko, lokacin da bakin mahaifa ya kai santimita 8 ko 9, bai cika 10 ba. Nan ne mace ke cewa ta fasa, a bar ta ta tafi gida, ko a yi mata aiki kawai. Wani lokaci nishi zai zo miki da kansa alhali hanya ba ta gama buɗewa ba. In an duba an ce kar ki yi tukuna, ki yi gajeru biyu da dogo ɗaya ta baki: hu, hu, huuu. Ba a iya hura iska da yin nishi a lokaci guda, shi ne sirrin. In kika dage da nishi kan bakin da bai buɗe ba yana iya kumbura, aiki ya koma baya.

Na biyu, lokacin da kai ya leƙo. Za ki ji wurin na zafi kamar an shafa barkono, jikinki na ce miki tura gaba ɗaya. Ungozoma za ta ce tsaya. Ki saurare ta. Buɗe baki ki yi haki ƙanana-ƙanana, kan ya zamo a hankali fata na miƙewa. Masu yunƙuri ɗaya a nan su ne suka fi samun mugun ƙari.

Tsakanin waɗannan biyun shi ne nishi sosai. Ki jira ciwon ya taso, ki ja iska, haɓa a ƙirji, ki tura ƙasa kamar mai bayan gida mai tauri. Kar ki tura a fuska, ki ga mace idanu sun yi ja jawur kumatu sun kumbura, ƙasa ba abin da ke tafiya. Daƙiƙa biyar ko shida ki saki, ki sabunta iska, ki koma. Kuma kar ki bari kowa ya hau cikinki ya danna da sunan taimako.

Mai Cikin Fari: Na kwafe duka a littafi wallahi. Amma Sista anya zan tuna ranar?

Sista Mai Ritaya: Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki samu ƙanƙara ki damƙe a tafin hannu minti ɗaya cur kina kallon agogo. Karon farko ki yi yadda kika ga dama, za ki ga kin ɗage kafaɗa kin riƙe numfashi. Karo na biyu ki yi da hurawar koko. Kullum sau uku, tare da wadda za ta raka ki, don ita ce za ta tuna miki.

Uwar Tagwaye: Ƙanƙara a wannan rashin wutar? Sai dai ta sayi ta mai zoɓo.

Mai Kayan Mata: Salam mata, akwai haɗin sauƙin naƙuda na gargajiya, cokali biyu ko minti talatin ba za ki yi ba, ba haki ba wahala. Ana turawa ko'ina. A yi min magana ta gefe.

Shugabar Zaure: Hajiya mun sha faɗa ba a talla a nan, balle irin wannan. Na goge lambar.

Sista Mai Ritaya: Gara da kika goge. Na karɓi matan da suka sha irin waɗannan, ciwo ya zo ba hutu tsakani, yaro ya galabaita, wata mahaifar ma ta fashe. Hutun da ke tsakanin ciwo da ciwo a nan ne ɗa ke samun jininsa da iskarsa.

Mai Asma: Bari in sa baki don masu irin lalurata. Ina da asma tun ina yarinya. Da na samu ciki na ajiye inhela, wai kar ta taɓa yaro. Hunturu ya shigo, ga ƙura, ga maƙwabciyata da turaren wuta safe da yamma. Wani dare na tashi ƙirjina na kuka kamar mage, ko "ruwa" na kasa furtawa. Da muka je likita ya yi min faɗa sosai, ya ce abin da ke cutar da ɗa shi ne uwa ta rasa iska, ba Ventolin ɗin da ke cikin inhela ba. Na koma kan magunguna har na haihu lafiya. A jakar haihuwa inhela na fara sakawa kafin zannuwa. Kuma da isarki ki gaya musu kina da asma, a rubuta a kati, don cikin magungunan tsayar da jini da na kashe ciwo akwai masu tayar da ita. In ta taso a gida: zauna ki ɗan sunkuya gaba, hannu a kan gwiwa, a buɗe taga, a shaƙa inhela, ki fitar da iska ta tsukakken baki. In ba ta saki ba, ko kin kasa haɗa magana, mota kawai. Ranar suna kuwa na hana kunna turare a ɗakina, dangin miji suka yi ta gutsiri-tsoma, ko a jikina.

Amaryar Jego: Salam. Ina ta karantawa ban yi niyyar magana ba. Ni na riga na haihu, yau kwana goma sha tara, ina gida wajen wanka. Wace dabarar numfashi ce za ta taimaka min da daddare? In na kwanta sai in ji kamar an ɗora min dutse, sai na jera filo uku, jiya ma a zaune na kwana jingine da bango. Ga tari in dare ya yi. Ƙafafuna sun fi lokacin ciki kumbura, silifas ɗina ba ya shiga. Mama ta ce sanyi ne ya shige ni, an ƙara zafin ruwan wanka da kunun kanwa.

Sista Mai Ritaya: 'Yata, ajiye duk abin da na rubuta a sama, ba naki ba ne. Babu dabarar da za ta yi miki. Ki tafi asibiti YAU, babba, inda ake hoton zuciya. A dakatar da kanwa. Bari in taɓo Dakta.

Likitar Zaure: Na gani. Ƙanwata, ba zan yanke miki ciwo ta waya ba, amma abubuwan da kika lissafa, kasa kwanciya sai a zaune, tarin dare, kumburi bayan haihuwa, alamun zuciya ce ta gaza tura jini, ruwa yana taruwa a huhu. Akwai ciwon zuciya da ke kama mata daga watan ƙarshe na ciki zuwa watannin farko bayan haihuwa, naman zuciyar ne ke yin rauni. Kuma arewacin Najeriya na cikin inda ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta shi, kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, daga baya aka samu kusan haka a Sakkwato. Ana maganinsa, da yawa zuciyarsu na farfaɗowa, amma sai an zo da wuri. Hawan jinin haihuwa da ƙarancin jini mai tsanani su ma suna iya kawo haka, duk dai asibiti ne. Wa ke kusa da ke yanzu?

Amaryar Jego: Mama da ƙanina. Maigidan yana Legas. Mama ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, a bari zuwa Litinin in bai sauka ba.

Yar Maraɗi: Don girman Allah kar ki kai Litinin. Yayata haka ta yi, uwa ɗaya uba ɗaya. Sati uku tana kwana a zaune, ana cewa iskan jego ne, ana ta gasa ta. Ranar da muka kai ta likita leɓɓanta sun canza launi, tana tari kumfa na fita. Lokotoro ya ce da mun zo tun farkon kumburin. Ni ke riƙon ɗiyar, bana ta shiga aji uku. Ba Mama wayar in yi mata magana, ko ki kunna mata wannan ta ji.

Maman Abba: Innalillahi. Allah ya ji ƙanta. Amarya kira mijinki yanzu, shi ya kira Mama da bakinsa. In kuɗin mota ne ki yi min magana ta gefe.

Hajiya Inna: Allah ya gafarta mata. Amarya, gaya wa mahaifiyarki wata tsohuwa mai 'ya'ya goma sha ɗaya ta ce a tafi. Arba'in al'ada ce, ba aya ba ce. Amma Dakta, kar kuma a ɗora wa wankan jego laifi. Mu duk da shi muka tashi, ganyen darbejiya da tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa kwano guda, ga mu nan garau.

Likitar Zaure: Hajiya ba zan yi miki ƙarin gishiri ba. Likitocin Zariya na wancan lokacin sun zargi kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Amma binciken da aka yi daga baya a asibitoci da dama na ƙasar nan, wanda Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, bai tabbatar cewa su ne sanadi ba. Abin da ya fi fitowa shi ne rama, da talauci, da hawan jinin ciki. A Kano da Yamai kuma an ga masu ciwon na da ƙarancin wani sinadari a jini, seleniyam. To kin ga ban ce wanka ne ya kawo ba.

Sai dai kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗaga hawan jini. Mai lafiyar zuciya za ta iya fitar da shi. Wadda zuciyarta ta riga ta raunana, kwano guda kullum kamar ƙara wa jakin da ya durƙushe kaya ne. Babbar illar ma ita ce duk abin da ya samu mai jego sai a ce wanka ne bai yi ba, a ƙara wuta, kwanaki na tafiya.

Tunda ana tare, mai ciki ko mai jego da ta ga ɗaya cikin waɗannan kar ta tsaya hura koko: haki tana zaune ba ta yi aikin komai ba, ko wanda ya faɗo mata farat ɗaya, ciwon ƙirji ko tari da jini, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo a sha-raɓa, don gudan jini kan taso daga nan ya toshe huhu, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da ciwo a ƙahon zuciya, waɗannan kan riga jijjiga zuwa. Ga gwaji mai sauƙi: in ba za ta iya karanta Fatiha aya-aya ba sai ta yanke a tsakiyar aya don neman iska, a fita da ita.

Mai Cikin Fari: Dakta yanzu kuma tsoro ya kama ni. Ni ma haka ne?

Likitar Zaure: Kina kwanciya ki yi barci ta gefe da filo ɗaya? In kin zauna hakin na wucewa?

Mai Cikin Fari: Eh, minti biyu ya wuce. Barci kuwa har da minshari in ji maigidan.

Likitar Zaure: To naki bai yi kama da nata ba. Je ki a auna jini kamar yadda Sista ta ce, a duba BP ma, wato hawan jini.

Shugabar Zaure: Amarya, muna jiran labari. Ko ƙaninki ne ya rubuto.

Amaryar Jego: Salam, ƙaninta ne. Jiya bayan la'asar muka zo, an ba ta gado. Sun sa mata oksijin, sun yi mata allurar da ke fitar da ruwa, ta yi ta fitsari dare guda. Yau da asuba ta samu barci a kishingiɗe. BP ɗinta ya hau sosai da muka zo. Gobe za a yi hoton zuciya. Jaririn na wajen Mama a nan waje, ana kai mata shi ya sha. Ta ce in gode wa Hajiya, saƙonta ne da na mai Maraɗi aka karanta wa Mama.

Yar Maraɗi: Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Na kasa barci jiya.

Likitar Zaure: Madalla. Ku tambayi likitan abu biyu kafin sallama: waɗanne magunguna ne za ta sha tana shayarwa, da batun tazarar haihuwa. In zuciyar ce, sake ɗaukar ciki kafin ta warke hatsari ne babba, kuma a yi maganar gaban mijin. Kar ta daina magani don ta ji sauƙi.

Mai Cikin Fari: Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma na dawo daga awo. PCV 28, BP lafiya. Sun canza min maganin ƙarin jini, sun ba ni Fansidar na haɗiye a gabansu, in koma bayan sati biyu. Na gwada ƙanƙarar, karon farko daƙiƙa ashirin na yar. Da hurawa na kai minti ɗaya, numfashi bakwai. Maigidan ya ce shi ma zai gwada, ya yar a sha biyar.

Uwar Tagwaye: A sha biyar! A kai shi ɗakin haihuwa ya ga aiki.

Hajiya Inna: Dakta, jikata za ta zo wanka wata mai kamawa. In na dama mata kunun da tsamiya maimakon kanwa, nonon zai zo kuwa?

Likitar Zaure: Zai zo Hajiya. Tsotson yaro ne ke kawo nono, da ci da sha. Ki haɗa mata da gyaɗa, kuma a kai ta a auna BP cikin satin farko ko da lafiyarta ƙalau.

Hajiya Inna: To. Wankan dai ba zan fasa ba, sai dai in sirka.